Tallafin da Bai Wuce Buruku Ba

Gabatarwa

Gwaggona ta yi shekara 20 da ɗoriya tana dama fura a bakin kasuwar Birnin Gwari. Da kuɗin furar nan aka saya mini takalmin shiga sakandare, da shi kuma aka cike giɓin kuɗin rajistata a shekarar farko ta jami'a, lokacin da aljihun mahaifina ya gaza. Amma furar ba aikin hannu ɗaya ba ce. Geron manoman ƙauye ke kawo shi ranar kasuwa, nonon kuwa wata Bafulatana ce ke ɗauko shi a ƙwarya daga ruga, ta iso da hantsi. Ba su taɓa rubuta yarjejeniya ba. In an yi ciniki a biya ta nan take, in fura ta yi kwantai a ɗaga zuwa gobe. Sun je wa juna barkar haihuwa, sun je wa juna gaisuwar mutuwa.

Ana nan sai matar ta daina zuwa. Da farko aka ce an kore shanun mijinta, daga baya aka ce sun tashi gaba ɗaya, domin shigowa gari ya zama kasada ga duk mai kama da mutumin daji, zaman rugar ma ya zama wata kasadar. Gwaggo ta koma haɗa nono da madarar gari, wadda ta fi tsada, masu saye kuma suka ce ɗanɗanon ya canja. Jarin ya yi ta narkewa har ranar da ta kife ƙwarya, ta rataye ludayi.

A cikin waɗannan shekarun ne rediyo ya yi ta sanar da biliyoyin nairori da gwamnatoci suka ware domin masu ƙananan sana'o'i, musamman mata da marasa galihu, wasu ta bankuna, wasu ta hannun ƙungiyoyi. Ko kwabo bai shiga hannun matan nan biyu ba. Wannan maƙala sharhi ce a kan dalilin haka. Ra'ayina shi ne, ratsa kuɗin tallafi ta hannun ƙungiyoyi dabara ce mai kyau, amma sharuɗɗan da gwamnati ke gindayawa su ne ke zaɓar mata ƙungiyoyin da suka fi nisa da mabuƙata, su kori waɗanda ke zaune tare da su. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun tsanani ya san cewa daga Buruku ne fasinja ke yin shiru ya kama addu'a. A nan tallafin ma yake juyawa.

Su Wane ne Marasa Rinjaye a Kasuwarmu?

Maganar tallafa wa kasuwancin marasa rinjaye ta fi ƙarfi a Amurka. A 1969 Shugaba Richard Nixon ya kafa ofishi domin bunƙasa kasuwancin baƙar fata da sauran tsirarun al'ummomi, wanda daga baya ya zama hukumar MBDA. Hukumar ba ta buɗe shago tana rabon kuɗi. Ta riƙa ɗaukar nauyin cibiyoyin da ƙungiyoyi masu zaman kansu da jami'o'i ke gudanarwa, su kuma su taimaki 'yan kasuwa wajen neman jari da kwangila. A 1994 aka ƙara da wani asusu mai suna CDFI, wanda ke zuba kuɗi a ƙananan cibiyoyin bayar da rance na unguwannin da manyan bankuna suka juya wa baya.

Idan aka ɗauko wannan tunani zuwa garinmu, wa za a kira mara rinjaye? Sunan garin kansa yana ɗauke da sunan Gwari, dajin da ya kewaye mu kuma yana ɗauke da sunan Kamuku, amma a yau Hausa ce harshen ciniki, Gbagyi da Kamukawa tsiraru ne a rumfunan kasuwa. Fulanin ruga suna da dukiya a tsaye lokacin da shanu ke nan, amma ba su da kujera a inda ake rabo. Akwai matan da harin 'yan bindiga ya mayar zawarawa, akwai manoman da suka baro ƙauyukansu suka tare a cikin gari suna tura baro da sayar da ruwa, akwai naƙasassu. Wasu daga cikin waɗannan Hausawa ne Musulmi, wato ta fuskar ƙidaya suna cikin masu rinjaye, amma a gaban teburin tallafi ba su da murya.

Saboda haka a wurinmu ƙabila ita kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Abubuwa uku ne ke mayar da ɗan kasuwa mara rinjaye: nisansa da gari, rashin takarda, da rashin uban gida. Wanda ya haɗa ukun, ko da sana'arsa ta fi ta kowa tsafta, sunansa ba zai hau jerin kowa ba.

Ya kamata kuma a tuna irin ƙasar da waɗannan mutane ke sana'a a kanta. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya rikiɗe ya zama mafakar masu satar shanu da masu garkuwa da mutane. An kai hari Dogon Dawa a Oktoban 2012, an kai Gwaska a Mayun 2018, kowanne ya ci rayuka masu yawa, ban da waɗanda ba su shiga jarida ba. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana hawan babur, a ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya na kimanin wata biyu. Ko da an yi haka ne domin a matse 'yan bindiga, mai ƙosai da mai kayan miya su ma sun matsu. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi, a watan Mayu na shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Duk jarin da ya tsira daga waɗannan ya cancanci a nemo mai shi a tambaye shi yadda ya yi.

Tarihin Sunaye Masu Yawa

Ba za a ce gwamnatocin Najeriya ba su taɓa tunawa da mai ƙaramar sana'a ba. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, a 1989 aka kafa Bankin Al'umma domin ba talaka rance ba tare da jingina ba. Zamanin Obasanjo ya zo da NAPEP a 2001 da hukumar SMEDAN a 2003. Jonathan ya kawo YouWiN a 2011. Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Jihar Kebbi a Nuwambar 2015, sannan aka zo da MarketMoni da TraderMoni, wanda a 2018 ya riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000. Gwamnatin Tinubu kuma ta fito da kyautar naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i, da burin kai wa mutum miliyan ɗaya a ƙananan hukumomi 774.

Abu biyu ne suka ratsa wannan jerin. Na farko, kowane shiri yana mutuwa ko ya suma tare da gwamnatin da ta haife shi, sai mai zuwa ta raɗa wa nata sabon suna. Mai sana'a ba zai iya gina lissafinsa a kan abin da bai san ko zai kai baɗi ba. Na biyu, kusan dukkansu sun dogara da wani ɗan tsakiya. MarketMoni ya buƙaci mai nema ya kasance cikin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta gama kai da aka amince da ita. Bashin manoma ya bi ta ƙungiyoyin masu noman shinkafa da masara da auduga. Ke nan tambayar wace ƙungiya ce za ta riƙe ludayin rabo ita ce zuciyar al'amarin, amma ita ce tambayar da aka fi wucewa da sauri.

Hujjar amfani da ƙungiyoyi tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja bai san wace ce mai tuyar ƙuli-ƙuli ta gaskiya a Randagi ba, bai san wanda in ya ci bashi yake biya a Kuyello ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bankin Grameen na Bangladesh, wanda ya kai Muhammad Yunus ga lambar Nobel a 2006, ya tsayu ne a kan wannan fahimta: matan ƙauye da suka san juna su ne jinginar juna. A nan gida ma cibiyar DEC ta Bauchi ta daɗe tana ba ƙungiyoyin mata rance a jihohin Arewa. Matsalar ita ce, kalmar ƙungiya a bakin gwamnati tana nufin wani abu daban da abin da take nufi a bakin mutanen kasuwa.

Ƙofar Takarda

Kafin ƙungiya ta cancanci karɓar kuɗin hukuma, yawanci sai ta nuna rajistar hukumar CAC. Wannan rajista tana buƙatar amintattu masu katin shaida, da tsarin mulki a rubuce da Turanci, da sanarwa a jaridu, da jiran kwanakin ƙorafi. Bayan nan sai takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, domin ba tare da ita ba banki ba zai buɗe wa ƙungiyar asusu ba. Sai rahoton mai binciken kuɗi, sai takardar neman tallafi mai shafuka da yawa wadda ake turawa ta intanet. Kowane mataki yana da dalilinsa, amma idan aka haɗa su sai su zama katanga. Wanda zai haura ta shi ne mai lauya, mai kwamfuta, mai ofis a Kaduna ko Abuja.

A ɗaya gefen katangar akwai waɗanda suka riƙe sana'a a Birnin Gwari lokacin da hanya ta mutu. Akwai uwar adashi, wadda mata 20 ko 30 ke danƙa wa zubinsu kowane mako ba tare da rasit ba, kuma ba a taɓa jin ta gudu ba. Akwai sarkin pawa da ke tsaya wa ƙaramin mahauci ya karɓi akuya bashi ya biya bayan ya sayar. Akwai dillalan hatsi da ke ba mai awo buhu a kan amana, da 'yan kamasho da suka san direban da zai yarda ya kai kaya Funtuwa. Akwai ƙungiyoyin mata na makarantun Islamiyya da zumuntar mata ta coci, waɗanda suka tara wa zawarawa jarin ƙosai daga aljihunsu. Waɗannan sun san kowa, kowa ya san su, amma a idon fom ɗin gwamnati babu su.

Shi ma mai karɓar tallafin ana tambayarsa lambar BVN, da lambar NIN, da lambar waya da ke aiki. Matar da ta gudo daga ƙauye da daddare da goyo a baya, ba katin shaida ta tsaya nema ba. Bafulatanar ruga sau da yawa ba ta taɓa shiga banki ba. A ƙauyukan da babu sabis, saƙon da ke cewa an zaɓe ka yakan iso bayan wa'adi ya wuce. Gwamna Uba Sani ya sa hannu a kan umarnin shigar da talakawa tsarin banki a 2023, aka buɗe wa mutane da yawa asusu, wannan kuma mataki ne da ya cancanci yabo. Sai dai asusu buhu ne kawai, sai an zuba masa wani abu yake tsayuwa.

Abin da Na Gani da Idona

Bayan na kammala bautar ƙasa na dawo gida babu aiki. Sai wata ƙungiya daga birni, wadda ta samu kwangilar horar da mata da kuɗin hukuma, ta ɗauki wasunmu masu digiri aikin kwana uku na cike fom. Na yi murna, domin na karanta tattalin arziki, ga shi zan ga ilimin a aikace.

Ranar farko na gane cewa rabin jerin sunayen a cike ya zo, daga hannun masu faɗa a ji na siyasa. Sauran gurabun kuwa duk wadda ba ta da BVN sai mu ce ta koma gefe, gefen nan kuma har aka tashi ba a waiwaye shi ba. Waɗanda suka samu shiga aka koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, dukkansu abu ɗaya, a gari ɗaya, ba tare da an tambayi wa zai sayi sabulun wa ba. Aka ɗauki hoto a gaban kyalle mai ɗauke da tambari, aka raba kuɗin mota da lemo. Kafin la'asar jami'an sun shiga mota, domin babu mai son yamma ta yi masa a hanyar Udawa. Ban ga laifinsu a wannan ba, rai ba wasa ba ne.

Wata dattijuwa da muka mayar gefe ta matso kusa da teburina ta ce, "Ɗana, ni da nake tatsar man gyaɗa tun kafin a haife ka, sabulu za a koya mini? Buhun gyaɗa ɗaya nake nema, in ba ni da shi yau, in biya bayan wata biyu." Na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, ba a ba mu wannan ikon ba." Ta gyara lulluɓinta ta tafi. Ni kuma na karɓi alawus ɗina a rana ta uku na sa a aljihu, don haka ba daga kan tudun tsarki nake wannan sukar ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ƙungiyar ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba. An biya ta ne domin ta kawo adadin waɗanda aka horar da hotunan da ke tabbatar da haka, ta kuma kawo. Babu wanda ya nemi ta koma bayan shekara ta ƙirga nawa ne ke sayar da sabulu. Abin da mai biya ke aunawa shi ɗan kwangila ke samarwa. Muddin ma'aunin kawunan mutane ne a zaure, za a ci gaba da cika zaure ana barin kasuwa fayau.

Haɗarin Laƙabi

Wani zai ce maganin shi ne a ware kaso na musamman da sunan ƙabila: wannan na Fulani, wannan na Gbagyi, wannan na Kamukawa. A ƙasar da jini ya zuba tsakanin maƙwabta, wannan wasa da wuta ne. In aka sanar da tallafin Fulani, manomin da ya binne ɗansa zai ce ana saka wa waɗanda suka kashe shi, ko da matar da za ta karɓa ita ma gudun hijira take yi. In aka ce na manoma ne kaɗai, ruga za ta ƙara tabbatar wa kanta cewa hukuma ba tata ba ce, wannan tunanin kuwa yana cikin abubuwan da suka ciyar da daji. Ko a Amurka laƙabin bai tsira ba: a Maris na 2024 wata kotun tarayya a Texas ta yanke cewa hukumar MBDA ba za ta ware masu neman taimakonta ta launin fata ba, a Maris na 2025 kuma Shugaba Trump ya ba da umarnin a rage ta iya abin da doka ta yarda. Shirin da aka gina a kan sunan wani ɓangare yana rayuwa ne gwargwadon haƙurin ɗaya ɓangaren.

A ƙarshen Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe karar shanu da ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Motoci sun koma lodi, mutane sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Kowa ya san daɗin wannan. Amma akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisu, cewa wanda ya ɗauki bindiga an zauna da shi, wadda ta ɗauki ƙwarya ba a ko tambayi inda take ba. Sulhu tsakanin manya ba ya daɗewa idan ƙananan mutane ba su da abin da za su yi asara in ya rushe.

Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata a tallafa shi ne igiyar ciniki da ke ɗaure al'ummomin nan da juna. Mai nono da mai fura, makiyayi da mahauci, manomiyar gyaɗa da mai ƙuli-ƙuli, mai saƙar tabarma da mai rumfa. In jari ya shiga ta wannan hanya, marasa rinjaye za su samu ba tare da an kira sunan ƙabilar kowa ba, kuma arzikin kowanne zai rataya a kan lafiyar ɗan'uwansa.

Abin da Masu Kare Tsarin Ke Cewa

Masu kare sharuɗɗan takarda suna da hujja: kuɗin jama'a ne, dole a san inda ya shiga, in aka sassauta za a wawashe. Gaskiya ne. Amma a ina aka fi jin labarin wawaso? A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin umartar a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, ya kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci. Wannan ya faru ne a inda takarda ta fi yawa. Takarda tana nuna an bi layi, ba ta nuna amana.

Hujjarsu ta biyu ta fi ciwo, domin ta shafe mu. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar bashin gwamnati a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. A 2023 asusun IMF ya ce kashi 24 cikin 100 kacal na bashin manoma aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Ko an ɗauki maganar Babban Bankin, kusan rabi bai dawo ba, kuma ta ƙungiyoyi kuɗin ya bi. Wasu manoman ambaliya da 'yan bindiga ne suka cinye amfaninsu, wasu kuwa ba manoma ba ne tun farko. Darasin shi ne ƙungiyar da aka kafa ranar da aka ji ƙamshin kuɗi ba ta da bambanci da ɗan kwangila. Mutumin da ke ƙin biyan gwamnati shi ne kuma ba ya kuskuren tsallake zubin adashi, domin a can kunya na nan, kuma kuɗin na maƙwabciyarsa ne. Wannan kunyar ita ce jarin da ya kamata hukuma ta nemi haɗa gwiwa da shi.

Mafita

Da farko, a sauƙaƙa ƙofar shiga. Jihohi suna da sashen rajistar ƙungiyoyin gama kai, wanda ya fi rajistar tarayya sauƙi. Jami'in wannan sashe ya riƙa zagaya gundumomi 11 na ƙaramar hukumar ranar kasuwa, ya yi rajista da Hausa, a karɓi shaidar dagaci da limami ko fasto da arɗo da sarkin kasuwa. Sharaɗi ɗaya kada a sassauta: ƙungiyar ta nuna ta yi aƙalla shekara biyu tana juya kuɗin 'ya'yanta kafin ta nemi na hukuma.

Na biyu, gwamnati ta riƙa ɗora nata a kan abin da mutane suka tara. In adashi ya tara dubu 100, a ƙara masa dubu 100, ya zama rance marar ruwa da ke zagayawa tsakanin mambobi, domin da yawa daga cikin mutanenmu suna gudun bashi ne saboda riba. Inda tsabar kuɗi za ta jawo idon mugu, a ba da kaya: buhun gyaɗa, injin niƙa, akuya. Fulani suna da tsohuwar al'adar habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron saniya ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari wannan al'ada suna rabon awaki da ita. Abin da ya yi aiki a maƙwabta ba zai gagare mu ba.

Na uku, ƙungiyar birni tana da gurbi, amma gurbin akawu da malami: ta koya wa uwar adashi riƙe littafi, ta rubuta rahoton da hukuma ke so, a kuma ƙayyade kason da za ta ci a kan hidimarta. Zaɓen wanda zai amfana ya zauna a hannun waɗanda za su haɗu da shi gobe a masallaci ko a rijiya.

Na huɗu, a sanar da Hausa a rediyo nawa aka ware wa kowace gunduma da kuma ƙungiyar da ta karɓa. Sunayen ɗaiɗaikun masu amfana kuwa a bar su a littafi, domin a ƙasar da aka sha karɓar kuɗin fansa, shelar wanda ya samu kuɗi cutarwa ce. Ƙungiyoyin ci gaban masarauta irin su BEPU, waɗanda suka daɗe suna kai kukan yankin ga duniya, za su iya sa ido a kan wannan lissafi.

Na biyar, a canja ma'auni. Kada a biya kowace ƙungiya cikon kuɗinta sai bayan wata 12, in an je an tarar da sana'o'in a raye. A kuma kafa asusun da doka ta majalisar jiha, yadda ba zai mutu ranar da gwamna ya sauka ba.

Kammalawa

Gwaggo tana nan da ranta. Tun da aka buɗe kara take tambayar Fulanin da ke shigowa ko sun san inda ƙawarta ta koma. Har yanzu ba ta samu amsa ba, amma ta sauko da ƙwaryar ta wanke. Da na tambaye ta abin da take buƙata ta koma bakin kasuwa, ba ta ambaci horo ba. Ta ce, "Buhun gero ɗaya, da mai kawo mini nono." Na yi lissafi a zuciyata, na ga bai kai kuɗin kyallen da muka ɗauki hoto a gabansa ba.

Ban ce tallafi zai maye gurbin tsaro ba, domin ba a ciniki a inda ake gudu. Amma yanzu da hanya ta ɗan buɗe, uzurin tsayawa a Buruku ya ragu. Masu riƙe da kuɗin su ƙaraso, su kwana, su tambayi wa ya riƙe mutane lokacin da babu kowa, su fara da shi. Mu kuma masu digirin da ake ɗauka cike fom, lokaci ya yi da za mu juya teburin, mu zauna a gefen da aka mayar da dattijuwar nan, mu rubuta wa adashin iyayenmu takardar da za ta buɗe musu ƙofa. Ni na fara da na su Gwaggo, mata 24 ne, kuma littafinsu na farko yana hannuna.